DNS a IPv4 da IPv6: shin sa 8.8.8.8 zai gyara wifi na gida?

Alhaji, ka ce a gidanka da ke Jidda talabijin da wasu manhajoji sukan daɗe suna juyawa a wifi, amma a data nan take suke buɗewa, kuma an ce ka sa 8.8.8.8, wato DNS na kamfanin Google, a madadin na kamfanin da ya ja maka layi. Ba na jin zai yi maka magani.

Duk sunan shafin da aka nema, sai na'ura ta tambayi DNS, tsarin da ke fassara sunan shafi zuwa lambar adireshi, lambarsa. A tsohon tsari, IPv4, ana kiran amsar A, lamba ce mai bit 32. Adireshinsa kaf kusan biliyan 4.3 ne, kuma hukumar RIPE NCC da ke raba adireshin wa Turai da Gabas ta Tsakiya, har da Saudiyya, ta sanar da ƙarewar nata a Nuwamban 2019. A sabon tsari, IPv6, kuwa amsar AAAA ce, mai bit 128, ba a maganar ƙarewa.

Ga inda ake ruɗewa. Hanyar da aka bi aka yi tambaya daban, amsar da aka samu daban. Ko ta IPv4 ka tambayi 8.8.8.8, zai ba ka AAAA muddin shafin yana da shi. Na'ura kuma in ta ga tana da adireshin IPv6, shi take fara gwadawa. To idan rauta, wato akwatin da ke ba da wifi, ta raba adireshin amma hanyar fita a toshe take, sai a zauna jiran gawon shanu. Burauzar zamani tana da dabarar Happy Eyeballs, wadda aka tsara a 2012: in IPv6 bai amsa ba cikin kusan kwatan daƙiƙa, sai ta gwada IPv4. Tsohon talabijin da wasu manhajoji ba su da ita, su ne ke maƙalewa.

Akwai ma inda canjin ke cutarwa. A layin da ke kan IPv6 zalla, DNS na musamman na kamfanin layin, mai suna DNS64, ne ke ƙirƙiro AAAA ga shafin da ke da A kaɗai, sai NAT64, mai haɗa IPv6 da IPv4, ya kai ka. Ka sa DNS na waje, wasu na'urorin su rasa waɗannan shafukan.

Kafin ka taɓa komai, buɗe ipv6.google.com a wifi ɗin, domin ta IPv6 kaɗai ake isa gare shi. In ya ƙi alhali rauta na nuna adireshin IPv6, ka sabunta manhajarta. In abin ya ci gaba, ka kashe IPv6 a rautar na ɗan lokaci, ka kira kamfanin da ya ja maka layi.