Wa zai riƙa duba aikinka idan ka buɗe ofishinka na ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa a Katsina?

Ranar da ka karɓi makullin ɗakin haya, ka jera kujeru biyu ka rataya labule, daga ranar ba ka da na sama da zai leƙo ya ce maka ka kauce. A asibiti kana ƙarƙashin wani, a ofishinka kuwa kai ne wuƙa kai ne nama, kuma abin da ke hannunka hankalin mutane ne. Shi ya sa nake ce wa duk sabon mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa, kafin ya sa sola, ya fara ware kuɗin wanda zai riƙa duba aikinsa.

Ana yawan haɗa mutum biyu a nan. Akwai ubangida a sana'a, mai nuna maka yadda ake rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da nawa za ka riƙa karɓa, da yadda likitoci za su san da kai su turo maka mutane. Wannan ba shi da wuyar samu, ko zumunci kaɗai yana kawo shi. Akwai kuma mai duba aiki, wanda za ka zauna gabansa ka ce ga wadda na gani jiya, ga abin da ta ce, ga amsar da na ba ta. Shi ne ake nema da fitila.

Na farko da zuciya ke kai wa shi ne babban ma'aikaci a asibitin gwamnati, likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan'adam. A nan gida akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. In ka matsa akwai na Aminu Kano da na Dawanau a Kano, da asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna. Ribar irin wannan babba ce: ya san mutanenmu, kuma ranar da aka kawo maka wanda magana kaɗai ba za ta ishe shi ba, sai magani ko kwanciya, kana da ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Matsalarsa lokaci. Wanda na fara zuwa wurinsa mutumin kirki ne, amma layin marasa lafiya ba ya barinsa, zamanmu bai taɓa wuce gaisuwa da "ci gaba da ƙoƙari" ba. Idan kuma a Daura kake, ka lissafa kuɗin mota da yinin da za ka rufe ofis.

Da na canza, wata dattijuwa na samu. Na ba ta labarin wata mata da rikicin 'yan bindiga ya raba da ƙauyensu, wadda ta yi makonni tana zuwa wurina da rashin barci. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Ɗana, ka tambaye ta ko tana tunanin kashe kanta?" Na ce, "Hajiya, na ji nauyin tambayar." Ta ce, "To gobe ka kira ta, kuma ga yadda za ka fara." Muka maimaita kalmomin da Hausa har bakina ya saba. Wannan zaman nake auna kowane mai duba aiki da shi har yau.

Sai na intanet, ta Zoom ko kiran WhatsApp, daga Abuja ko Legas ko ƙasar waje. Ba tafiya, kuma za ka iya samun wanda ya ƙware a abu guda, kamar shaye-shaye ko firgicin da ke biyo bayan tashin hankali. Amma ka gwada shi tukuna. Ka ce masa an kawo maka yarinya bayan an gama zagayen ruƙiyya, iyayenta sun tsaya a kan aljanu ne, mijinta kuma ya ce sai yana zaune za a yi magana. Idan amsarsa ita ce ka gaya musu duk camfi ne, wallahi zai kore maka mutane. Wanda ya ce ka fara jin yadda su suka fahimci ciwon, da shi za ka yi tafiya. Na waje kuma da dala ko fam yake karɓa, abin da sabon ofis bai cika ɗauka ba.

Zaman tsara, ku huɗu ko biyar kuna haɗuwa duk wata, shi ne mafi araha kuma yana rage kaɗaici. Sai dai duk iliminku ɗaya, don haka ƙari ne kawai. Tsohon malaminka na jami'a kuwa, ka tambaye shi yaushe rabon da ya zauna da mara lafiya.

Ni dai da zan sake farawa, zan ɗauki na asibiti wanda ya yarda ya ware mini lokaci ina biyansa, in haɗa da zaman tsara. Biyan yana da amfani, domin abin da aka yi maka alfarma ba ka iya ƙorafi a kansa. Ku rubuta yarjejeniya: sau nawa a wata, nawa ne, kuma ko za ka iya kiransa da dare idan abu ya taso. A Ingila BACP, ƙungiyar masu ba da shawara ta can, ta ɗora wa mambobin da ta tantance aƙalla awa ɗaya da rabi na zama da mai duba aiki duk wata. Sabon hannu ya fi buƙatar sama da haka. Ka kuma ji ko mai duba aikin yana cikin wata ƙungiyar sana'a kamar NACP ta masana halayyar ɗan'adam masu duba marasa lafiya ko CASSON ta masu ba da shawara a Najeriya, kuma ko ya san dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958.

Batun sirri kuma kada ka yi sakaci da shi. A Daura, kai har a birnin Katsina, idan ka ambaci unguwa da sana'ar miji an riga an gane mace. Ka sanar da mai zuwa wurinka tun ranar farko cewa kana kai aikinka gaban wani babba, ba tare da suna ba. In za ka tura bayani ta waya, ka cire suna da unguwa da sunan dangi, kuma kada ka tura muryar kowa.