Chord Chemistry na Ted Greene: wata shida ina fama da shi

Duk mai kaɗa jita da ya gaji da kod uku huɗun nan da yake ta maimaitawa (kod shi ne sautukan da ake bugawa tare a lokaci ɗaya), don Allah ya nemi littafin nan. Ted Greene malamin jita ne ɗan Amurka, a yankin Los Angeles ya yi ta koyar da ɗalibai a gidansa har ya rasu a 2005, littafin kuma tun 1971 ya fito amma har yau masu kiɗan jaz ba su daina komawa gare shi ba.

Inda ya fi tafiya da ni shi ne wajen musanya kod. Misali maimakon ka buga kod ɗin G7 ka sauka a kod ɗin C sai ka sa kod ɗin Db7 a wurin G7, saboda sautuka biyun da ke jan kunne zuwa C suna cikin G7 da Db7 duka, wallahi ranar da na gane wannan sai da na kai ƙarfe biyun dare jita na hannuna.

Amma fa gaskiya littafin ba na sabon shiga ba ne. Shafi bayan shafi zanen kod ne cunkus, wasu sai ka buɗe yatsu har hannu ya yi tsami, ga shi da Turanci. Ni kod biyu kawai nake ɗauka a mako in saka su cikin waƙar da na riga na iya.

Ɗalibansa sun zuba takardun darasinsa na rubutun hannu kyauta a intanet, ku haɗa da su, sannan ku saurari faifansa Solo Guitar na 1977 ku ji yadda kod ke bin juna a hannunsa.