Manhajar gajerun kalmomin likita: tana da amfani, amma ba ta san Damagaram ba

Ni ke raka tsohuwarmu da yaran gida asibiti, don haka takardun likita a hannuna suke taruwa. Wata 'yar'uwa mai karatun aikin jinya a nan Zinder ce ta saka mini wata manhaja a waya, mai bayanin haruffan da likitoci ke gajartawa da Faransanci. Kyauta ce, tana aiki ko babu intanet, sai dai talla ta yi mata yawa.

Abin da na fi yaba mata shi ne ba ta yanke hukunci. Ka rubuta IR, sai ta jero maka ma'ana biyu: gazawar ƙoda ko gazawar numfashi. IM na iya zama allurar da ake yi cikin tsoka, ko matsalar wata ƙofar zuciya. PC a katin jariri awon zagayen kai ne, a takardar babba kuwa suma ce. Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce IVG. Likitan zuciya yana nufin ɓangaren hagu na zuciya ya gaza, a wani sashen kuma zubar da ciki ne da gangan. Ku duba fitinar da za ta tashi in maigida mai rabin Faransanci ya ga haruffan nan a takardar matarsa, ya fassara da kansa.

Matsalarta, don mutanen Faransa aka yi ta. GE a wurinta gudawa da amai ne tukuna, alhali duk wanda ya kai yaro likita da damina ya san GE gwajin jinin zazzaɓin sauro ne, wanda ake ɗiga jini a gilashi a duba. MAS ta ce gidan kula da naƙasassu ne. A nan tamowa ce mai tsanani, wadda ake ganewa in awon damtsen yaro, wato PB, bai kai milimita 115 ba. CRENI, inda ake kwantar da irin waɗannan yara, babu shi sam. Haka ma CPS, maganin rigakafin zazzaɓi da ake bi gida gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59.

Kuma ba ta iya karanta rubutun likita, wannan kam sai Allah.

Yanzu ga yadda nake yi da ita: in duba sashen da aka rubuta takardar, in ga ma'anonin, sannan in koma wurin majo, wato babban ma'aikacin jinya, in ce, "Ranka ya daɗe, wannan IR ɗin ta Hajiya, ƙoda ce ko numfashi?" Da tambaya irin wannan sun fi tsayawa su yi bayani. Ɗalibin lafiya da mai jinya su saka ta. Mai son ya je farmasi ya sayi magani da abin da ta faɗa, ya bar ta.