Rumbun Amphibian Species of the World: yadda yake da amfani ga mai neman sunan kwaɗon rami

Wanda ya tono ɗan kwaɗo mai tsinin hanci a jiƙaƙƙiyar ƙasa, yana son sanin sunansa na kimiyya da inda jinsinsa ya yaɗu, zai amfana da Amphibian Species of the World, rumbun bayanai na intanet da ke tattara sunayen kimiyya na kwaɗi da danginsu na duniya. Darrel Frost ne ke kula da shi a ƙarƙashin gidan adana tarihin halittu na Amurka da ke New York, kuma kyauta ne.

A gwada shi da Hemisus marmoratus, kwaɗon da ke kutsa ƙasa da kai, saɓanin yawancin kwaɗin rami da ke haƙa da ƙafafun baya. Da an rubuta sunan, sai ya fito tare da Peters, 1854 a cikin baka. Bakan nan na da ma'ana: yana nuna an sauya wa jinsin rukuni, domin masanin dabbobi Wilhelm Peters ya fara kiransa Engystoma marmoratum ne daga kwaɗon da aka samo a Mozambik, daga baya aka mayar da shi gidan Hemisus. Tsofaffin sunayen duk suna nan a jere da shekarunsu, kuma nan ne ƙarfin rumbun yake. Mai riƙe da tsohon littafi sai ya saka sunan da ya gani, ya gano wanda ake amfani da shi yau, ba tare da ya ɗauka jinsi biyu ne ba.

Bayanin mazauni kuwa a taƙaice yake, ƙasashe da yankunan savana na Afirka kudu da Sahara. Ya isa a san ko jinsin na yankin, amma ba zai nuna bakin wane tafki za a same shi ba.

Inda ake tuntuɓe shi ne tantancewa. Babu hoto, babu sautin kuka, bayanin kuma da Turanci yake. Hemisus guineensis ya yi kama da wannan ƙwarai, har mazauninsu na haɗuwa a wasu wurare, don haka suna kawai ba zai raba su ba. Gara a fara ɗaukar hoton baya da ciki da hancin kwaɗon, a auna tsawonsa, a naɗi kukan namiji da dare bayan ruwan sama, a tantance da littafin jagora mai hotuna. Bayan nan sai a zo rumbun a tabbatar da rubutun sunan da shekararsa.