Mun kai yara gidan zoo, ga abin da na gani

Kwana uku bayan sallah na ɗauki yarana biyu da ɗan ƙanwata muka tafi wani ɗan ƙaramin gidan zoo da ke kusa da mu, niyyata kawai su zaga su ɗau hoto su sha askirim mu dawo, don na sha zuwa irin wuraren nan ina yaro kuma abin da na sani shi ne ka leƙa keji ka ga dabba a kwance ka wuce. Kuɗin shiga bai taka kara ya karya ba. Muna shiga sai wata matashiya mai riga kore da hijabi ta tare mu tace Alhaji in ba damuwa ku ɗan jira, za mu haɗa ku da wasu mu zaga tare, kyauta ne. Ashe su uku ne a wajen, aikinsu kenan, wayar da kan masu zuwa.

Wajen kura muka fara tsayawa. Ɗan ƙanwata ya duƙa ya ɗau tsakuwa zai jefa don ta tashi, ni har na buɗe baki zan daka mai tsawa sai ta riga ni, ta tsuguna daidai tsayinsa tace ƙanina da dare take aiki, yanzu lokacin barcinta ne, kai in kana barci a jefe ka za ka ji daɗi? Yaro ya saki dutsen da kansa. Daga nan ta ce musu irin wannan kurar mai dabbare-dabbare macen ta fi namijin girma kuma ita ce shugabar garke, sannan ba mushe kaɗai take ci ba kaman yadda muke ɗauka, yawancin abincinta a daji ita ke farautar kayanta. Wlh ni kaina ban taɓa sani ba, mu dai kura a tatsuniya muka santa.

Abin da ya fi tsaya wa yaran a rai ƙwan jimina ne. Sun huda shi sun zubar da cikin, suka miƙa ɓawon aka riƙa ba juna hannu da hannu, autata ta rungume shi da hannu biyu tana ƙwanƙwasawa da farce tana cewa Anti wannan ai tangaran ne. Aka ce mata in da cikinsa yakan kai kilo 1 da rabi, kusan ƙwan kaza 24, kuma uwar in ta zura da gudu tana yin kilomita 70 a awa. Har yau zancen take yi.

Ni kuma inda na tsaya na kasa kunne sosai wajen macizai ne, wani saurayi ne a nan, ya fito da saɓar mesa doguwa busasshiya kaman leda yace a taɓa. Yace mesa ba ta da dafi, matsewa take yi, wanda ya fi yi wa manoma illa a arewa kububuwa ce ɗan ƙaramin nan da ake rainawa. Sai ya tambaye mu in maciji ya sari mutum me ake yi, kusan kowa yace a ɗaure da igiya tamau a tsaga a tsotse. Yace ko ɗaya kar a yi, ɗaurin nan yana iya kashe ƙafar gaba ɗaya, a cire zobe ko agogo, a hana mutum motsi a ɗauke shi zuwa asibiti da gaggawa don allurar kashe dafi, ya ma ambaci asibitin Kaltungo a jihar Gombe da ya shahara kan saran maciji. Ina da 'yan uwa a ƙauye da ke kwana a gona lokacin girbi, a daren na kira yayana na maimaita masa komai.

Sun yi maganar ungulu ma, matashiyar nan tace ku tuna rabonku da ganinta a kwata. Na yi shiru ina lissafi, gaskia shekaru ne, alhali da muna yara cike suke a kan rufin kasuwa. Tace guba da masu kamawa suna sayarwa don haɗa magani sun kusa ƙarar da su, tun 2015 aka saka irin tamu cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Ta kawo misalin Indiya inda wani maganin shanu, diclofenac, ya kashe fiye da kashi 95 na ungulunsu tun daga shekarun 1990, mushe ya rasa mai ci, karnukan titi suka yi yawa. Babbar 'yata ta tambayi raƙumin dawa, babu shi a wajen, amma aka ba ta labarin na garin Kure kusa da Yamai a Nijar da suka ragu zuwa kamar 50 a 1996 kuma yanzu sun haura 600 saboda mutanen ƙauyukan sun tsaya a kansu.

Abin da bai min daɗi ba dole in faɗa. Kejin birai ya yi ƙanƙanta, ruwan kada ya yi kore shar yana wari, allunan bayanin duk da turanci ne wasu ma rana ta cinye rubutun, kuma mutum uku sun yi kaɗan a ranar cunkoso, muryar yarinyar nan har ta dushe tana hana mutane ba birai biskit da cingam, ko ɗan abin magana ba a ba ta ba. Na samu wani babba a ofis na faɗa masa, yace suna kan nema.

In za ku je ku je da safe kafin rana ta yi zafi dabbobi su lafe, ku tafi da ruwan sha, kuma a bakin ƙofa ku tambaya ina masu yin bayani, kar ku zaga ku kaɗai. Ni na riga na yi wa hedimastan su autata magana, in an koma makaranta za mu ga yadda za a kai 'yan aji huɗu.