Gidan jinyar dabbobi da na je a Masar, ya cancanci kuɗin mutum ko a'a?

Masu zuwa Masar daga nan Kebbi, ko asibiti ya kai ku ko karatu ko saro kaya, ga wani wuri da ban taɓa jin ɗan garinmu ya yi maganarsa ba, gidan jinyar dabbobi ne a bayan garin Giza, ta hanyar da ke zuwa Saƙƙara, can cikin gonaki da itatuwan dabino. Tun farko in faɗa muku, in maki biyar ne ni huɗu zan ba su, kuma ɗayan da na cire akwai dalili. Sunan wurin ba zan sa a nan ba saboda akwai abubuwan da zan kushe, mai son adireshi ya yi min magana ta inbox.

Kawu na raka ganin likita, to kun san yadda abin yake, yau gwaji, sai a ce ku dawo bayan kwana kaza, zaman otal ya ishe mu muka ce bari mu je ganin dalar Fir'auna kamar kowa. A can masu dawaki da raƙuma suka yi mana caa kowa na son a hau nashi. Kawu kuwa mutum ne da ya tashi cikin barga, har yau shi ke shirya dawakin gidanmu in hawan sallah ya zo, kallo ɗaya ya yi wa wani doki ya ce a ɗaga sirdin, ai kuwa ga miki ɗanye a gadon baya an rufe da tsumma. Ya ce shi ba zai hau ba ko kyauta ne. Ɗan ƙanwata da ke karatu a Azhar shi ya ce akwai inda ake kai irin waɗannan dabbobin a yi musu magani ba a karɓar ko sisi, kuma baƙi na iya zuwa su gani su taimaka.

Wurin kashi biyu ne, gaba na dawaki da jakuna da alfadarai, baya na karnuka da kyanwoyi. Na gaban nan shi ya saye ni wallahi. Da hantsi za ka tarar da layi, masu keken doki da masu jakunan da ke jan kayan gwari da masu kwasar bulo, kowa riƙe da ragamar dabbarsa yana jiran likita, talakawa ne futuk irin waɗanda in jakin bai fita ba ranar ba a ɗora tukunya. Likitan da ya zagaya da mu matashi ne, da Larabci yake magana ɗan ƙanwata na fassara mana, ya ce mafi yawan abin da ake kawo musu ba wata cuta ba ce mai wuyar suna, ciwon da kayan aiki ke jawowa ne, ragamar da aka ɗaure da waya ko sarƙa tana cin hanci, linzami mai kaifi, sirdi ko akumarin da bai zauna daidai ba, sai kofaton da aka bari ya yi tsawo har dabba ta fara ɗingishi. To ba wanke mikin kawai suke yi su sallame ka ba, suna da mai ɗinki a gefe guda yana yin ragama mai laushi da matashin da ake sawa ƙarƙashin kaya, a karɓe ta wayar a ba ka wannan. Akwai mai gyaran kofato, akwai wanda ke goge wa doki haƙora da wani dogon magagari saboda in haƙoran suka yi tsini ba ya iya tauna sosai sai ka ga yana ci yana ramewa, ga maganin tsutsar ciki da na kaska. Abin da ya fi burge ni ban ji an daka wa mai dabba ko ɗaya tsawa ba, alhali wasu dabbobin in ka gansu sai ranka ya ɓaci. Likitan ya ce in ka kunyata mutum yau gobe ba zai dawo ba, dabbar ce za ta sha wuya.

Nan fa Kawu ya samu abokin hira. Ya ga wani jaki da tabon lalas a ƙafa ya ce ashe ku ma kuna yi, likitan ya yi dariya ya ce suna fama da mutanensu a kan haka, ƙuna ce kawai ake ƙara wa dabba a kan ciwon da ke gare ta. Kawu bai yarda duka ba, ya juyo ya ce min, ɗana, waɗannan yaran boko komai na iyaye sai sun ce ba daidai ba, amma fa gyaran kofaton nan nasu ya iya. Sai da ya tsuguna ya karɓi wuƙar ya jujjuya ta yana tambayar inda ake sayarwa.

Wannan aikin ba sabon abu ba ne a Masar. Wata Baturiyar Birtaniya, Dorothy Brooke, ta zo Alƙahira a 1930 ta tarar da tsofaffin dawakin sojan da aka bari bayan yaƙin duniya na ɗaya an sayar da su suna aikin wahala, ta rubuta wasiƙa a jarida a Ingila aka tara kuɗi ta fanshi kusan 5,000, a 1934 kuma ta buɗe asibitin dawaki kyauta a birnin, ƙungiyar Brooke da ke aiki a ƙasashe da dama yau daga nan ta samo asali. Wanda na je ba nasu ba ne, ƙarami ne, amma tsarin ɗaya ne, a yi wa dabbar talaka magani kyauta.

Batun kuɗi, ba a biyan kuɗin shiga kuma ba wanda ya bi ni da kwano. Ni na tambaya, sai wata ma'aikaciya ta kai ni sito ta nuna min buhunan abinci da kwalayen magani da littafin da suke rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, har da sunan maganin da ya kusa ƙarewa. Suna da tsarin da za ka ɗauki nauyin dabba ɗaya kana biya duk wata ta intanet, wannan na Turawa ne gaskiya, katina na naira ƙin wucewa ya yi kuma ko ya wuce wa zai iya da canjin dala yanzu. Abin da na yi, kuma shi nike ba kowa shawara, na ce mi kuka fi buƙata yau, suka ce dusa da ɗanyar ciyawar nan tasu barsim da bandeji, muka fita da yaronsu zuwa wurin mai sayarwa na biya da hannuna da fam ɗin Masar aka loda a keke aka kawo a gabana. Kuɗin bai kai abin da muka kashe a cin abincin dare ɗaya a cikin gari ba. Rasiɗi kam sai da na yi ta tuni kafin aka rubuta min, wannan sakaci ne, wurin da ke karɓar sadakar mutane bai kamata sai an roƙa ba.

Ɓangaren baya shi ya ci musu maki ɗayan nan. Karnukan sun yi wa wurin yawa, wari tun daga ƙofa, haushi kuwa ba ka jin maganar na kusa da kai, ma'aikata biyu na gani suna fama da wankin ɗakunan da ya fi ƙarfin mutum biyar. Kawu ko leƙawa bai yi ba ya koma wurin dawakinsa. Sun ce mutane ke zuwa da dare su ajiye musu 'yan kwikwiyo a kwali a bakin ƙofa, na gane, amma karɓar abin da ba ka da wurin ajiyewa shi ma wata wahalar ce ga dabbar. Ɗakin kyanwoyi ya fi tsabta nesa ba kusa ba, sai dai masu mura da masu lafiya ban ga an raba su yadda ya kamata ba. Ga mai ƙyanƙyamin kare, mu dai Malikawa a wurinmu kare mai rai ba najasa ba ne, amma duk da haka ka tafi da wasu kayan na canzawa don gashi da ƙura za su bi ka, kuma ba dole sai ka shiga can ba, kana iya tsayawa gaba ka gama abin da ya kai ka.

Aikin da suke yi wa karnukan titi dai yana da ma'ana ko ga wanda ba ya son kare. Kamawa suke a yi musu fiɗiya a yi allurar rigakafin haukan kare a maƙala alama a kunne a mayar da su unguwarsu, shi ya sa za ka ga wasu karnukan Alƙahira da ɗan roba a kunne. Hukumar lafiya ta duniya ta ce ciwon nan na kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, yawanci a Afirka da Asiya, kuma kusan duka daga cizon kare ne, mu da muke ganin yadda ake fama a ƙauyukanmu in mahaukacin kare ya ciji yaro ba sai an yi mana dogon bayani ba. In tsautsayi ya sa wani ya cije ka ko ya yakushe ka, a can ko a gida, ka wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 ka nufi asibiti ranar, kar ka ce sai ka dawo Najeriya.

Na san abin da wasu za su rubuto a ƙasa, mutane na kwana da yunwa, 'yan gudun hijira sun cika Zamfara, kai kana can kana ciyar da jakin Masar. Maganar tana da nauyi ban raina ta ba. Zakka dai ba a kai ta can, Allah Ya faɗi mutum takwas da ake ba a Suratut Tauba kuma babu dabba ciki, wannan sadaka ce ta ganin dama daga kuɗin da da shawarma da tsaraba za su cinye. Hadisin wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare da na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle duk mun karanta su tun muna Islamiyya. Sannan jakin nan da aka warkar ai na wani magidanci ne mai 'ya'ya, kamar dai jakunan masu kwasar yashi da masu ɗiban ruwa da muke gani daga Jega har Kamba, wanda in ya kwanta gidan gaba ɗaya ya kwanta. Jakin ma yanzu tsada yake saboda masu sayen fatarsa a kai Chana a yi magani, har sai da Tarayyar Afirka ta hana yanka jakuna don fata a watan Fabrairun 2024, to wanda nashi ya mutu da mi zai sayi wani. Asibitin dabbobi muna da shi a Birnin Kebbi, ba abin da ya hana mutum ya biya wa mai jakin unguwarsu kuɗin magani, ni a can na fara tunanin haka.

Wani abin da ya ɗan dame ni, wata mai aikin sa kai ta matsa min lamba sai na ɗauki wata 'yar kyanwa na taho da ita gida, har da ɗora min ita a kafaɗa. Kar wanda ya biye wa tausayi a nan. Sai an sa mata ɗan guntun na'urar shaida a ƙarƙashin fata, an yi rigakafi, an karɓo takardar lafiya daga likitan gwamnatinsu, ga takardar izinin shigo da dabba daga ɓangaren Najeriya, ga jami'an NAQS, hukumar da ke binciken dabbobi da tsirran da ake shigowa da su Najeriya, a filin jirgi, ga kuɗin da kamfanin jirgi zai caje ka, bayan duk wannan ka sauka Kano ko Abuja ka kamo doguwar hanyar Kebbi da kyanwa a mota cikin zafin nan. Kyanwoyin da ke yawo a bayan gidanku su ma suna jiran mai ba su.

Hanyar wurin ba allo ba alama, direbanmu na Uber sai da ya yi ta kewaya cikin gonaki yana kiran waya, don haka ku sa su turo muku lokeshan ta WhatsApp tun kafin ku fito, kuma ku roƙi direban ya jira don samun motar komawa daga can aiki ne. Ba mai jin Hausa, Larabci ne sai ɗan Turanci, ku nemi ɗalibi ɗan gida ya raka ku, suna da yawa a unguwar Madinatu Nasr da ke Alƙahira, ku kuma sallame shi da abin kirki. A je da safe lokacin da layin dawaki ke nan, a kauce wa Juma'a, a sa takalmi rufaffe ba silifa ba, a riƙe ruwan sha don babu shago kusa. Wurin zama na baƙi benci ɗaya ne a rana, in da dattijo za ku je kamar yadda na yi ku nemi su fito masa da kujera daga ofis, sai an tambaya suke bayarwa.