Rigakafin Ummi a ƙaramin asibitin unguwarmu

Sau bakwai ke nan ina kai Ummi rigakafi a asibitin sha-ka-tafi da ke bayan kasuwar unguwarmu a Kano, tun tana da kwana uku a duniya har makon jiya da ta cika wata tara. Ba zan kama sunan asibitin ba, don maganar tawa akwai yabo akwai ƙorafi, kuma ina da sauran komawa, allurar ƙyanda ta biyu na jiranmu idan ta kai wata 15.

Wurin dai rumfar kwano ce da benci huɗu, ana yi Talata da Alhamis. Idan kin zo ƙarfe takwas za ki sami wurin zama, idan kin wuce tara sai tsayuwa da goyo a rana. Kowacce ta zo sai ta ajiye katinta a kan tebur a danne da dutse, kuma a iya zuwana ban ga an tsallake layi don wata Hajiya ba. Ana auna yaro a sikelin da aka rataya a jikin azara, a rubuta, sannan a miƙa ki wajen Malama mai allura.

Malamar nan ita ce dalilin da ya sa ban sauya asibiti ba. Ranar sati shida, da ta ga ina ƙare wa kwalbar kallo, sai ta miƙo mini ita.

"Maman Ummi, kin ga wannan ɗan tambarin mai kusurwa huɗu a cikin da'ira? Muddin ya fi da'irar haske, maganin lafiyarsa ƙalau. Ranar da ya yi duhu kamarta, zafi ya taɓa shi, sai zubarwa."

Firjinsu na sola ne, don haka ɗauke wuta bai dame su ba, kuma a jikin ƙofarsa akwai takardar da suke rubuta sanyinsa safe da yamma, kada ya fita daga tsakanin digiri 2 da 8 na ma'aunin Celsius. Sirinji sabo take farkewa a gabanki. Kafin ki tashi za ta gaya miki cewa allurar penta, wadda ta haɗa kariyar mashaƙo da ciwon hanta da wasu cututtuka uku, takan kawo zazzaɓi da daddare, kada ki firgita. Haka kuwa aka yi, Ummi ta kwana tana kuka, da safe ta ware.

Inda muka saɓa shi ne ranar farko. Na je da jaririya 'yar kwana uku, ko suna ba a yi ba, jikina duk ciwo. Aka ɗiga mata na shan inna, aka yi mata na ciwon hanta, amma BCG ta tarin fuka aka ce sai Alhamis. Dalili kuwa kwalba ɗaya ta yara 20 ce, idan an haɗa ta awa shida kawai take yi, jarirai kuma huɗu ne suka zo. Ni gidana kusa ne, na koma. Amma wata baiwar Allah da ke gefena ta biya adaidaita daga can bayan gari, ranar Alhamis na duba ban gan ta ba. Daga baya ƙanwar maigidana, wadda ma'aikaciyar lafiya ce, ta shaida mini cewa ƙa'idar aikin ita ce a buɗe kwalba ko don yaro ɗaya ne. Na fahimci tsoron Malama, idan ta yi ta buɗewa maganin ya ƙare kafin a kawo wani, ita za a tuhuma daga ƙaramar hukuma. Sai dai wannan lissafi tsakaninta ne da masu kawo mata kaya, bai kamata ya faɗo a kan maijego ba.

Ƙorafina na biyu shi ne wani mutum da ke zama a bakin ƙofa yana karɓar naira 200, wai kuɗin kati da auduga. Babu rasit. A saman kansa kuwa ga takarda manne an rubuta ɓaro-ɓaro cewa rigakafi kyauta ne. Na biya sau biyu ban ce uffan ba.

Kalmar nan "kyauta" ita ta rufe mini baki, kuma ina jin ita ke rufe bakin yawancinmu. Da an ce kyauta sai mu ji kamar zakka aka ba mu, mu ji nauyin yin magana. Alhali kowace kwalba an biya kuɗinta, kuma akwai waɗanda suka sa hannu a takarda cewa za su kawo ta. Gwamnatin tarayya da ƙungiyar Gavi mai tallafa wa rigakafi a duniya ke haɗa kuɗin maganin, UNICEF ta sayo, hukumar lafiya a matakin farko ta ƙasa, NPHCDA, ta rarraba wa jihohi. A 2018 aka yi yarjejeniya cewa Gavi za ta ci gaba da tallafawa har 2028, kason Najeriya na ƙaruwa a hankali har ta ɗauki nauyin duka. A nan Kano ma, tun 2012 gwamnatin jiha ta ƙulla yarjejeniya da gidauniyar Dangote da ta Bill da Melinda Gates, aka buɗe asusu ɗaya na rigakafin yau da kullum, da sharaɗin kowace shekara jiha ta ƙara nata kason su kuma su rage nasu. Albashin Malama, firjin nan, man babur ɗin da ke ɗauko magani, katin da ke hannuna, kowanne akwai mai alhakinsa a rubuce. A duk jerin nan ban ga inda aka sa mai kujerar bakin ƙofa ba. Zuwana na uku na tambayi Malama a gaban mata. Ta ɗan yi shiru, ta ce, "Ba ni na sa shi ba, Maman Ummi, wuce abinki." Na wuce, wasu mata uku suka biyo bayana. Yana nan har yau, amma ya daina kallon inda nake.

Ni ma ban cika nawa kason daidai ba, gara in faɗa. Allurar sati 14 ta zo daidai da rashin lafiyar Innata a Katsina, na yi sati uku ban kai yarinyar ba. Ina zaune sai ga kira daga lambar da ban sani ba, ashe Malama ce.

"Maman Ummi, ina kika shige da 'yata? Ga sunanta nan a rajista babu alama."

Kunya ta kama ni, don mashaƙon da ya addabi Kano a 2023 ba labari aka ba ni ba, a layinmu an yi zaman makokin yaro. Na ɗauka za a ce sai an faro daga farko, ta ce a'a, daga inda aka tsaya ake ɗorawa. Da katin wayarta ta kira ni, na tabbata babu wanda ya mayar mata.

Makon jiya an yi wa Ummi ta ƙyanda da ta shawara da ta sanƙarau a zama ɗaya, ba a ce mu dawo ba, don yara sun kai goma sha. Idan kina unguwar, ki je, amma ki yi sammako, ki riƙo ruwan sha da lema, kuma in an ce kwalba ba za ta buɗu ba, ki nemi ganin shugabar asibitin kafin ki juya. Malama ta rubuta mini ranar komawa a kati da jan biro, ta ja layi biyu a ƙarƙashi, ta ɗago ta kalle ni ta ce, "Ko za a je Katsina, a biyo ta nan tukuna."